Tsofaffin kaset da faifan bikinmu: ta yaya zan mayar da su cikin tabilet ɗin Hajiya?

Maman Ilham, Malali: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin na'ura ku ba ni shawara. Ƙanena ya aiko wa Hajiyarmu tabilet, Samsung, don idonta ya daina ɗaukar ƙaramar waya. Ita kuma ba abin da take so a saka mata sai bidiyon gida. Abin da muke da shi kashi uku ne. Akwai manyan kaset ɗin nan na da, ciki har da na bikin yayarmu da na ranar da aka raka marigayi Baba sansanin alhazai na Mando, nan Kaduna. Akwai faifan sidi da dibidi na bikina da na sunan yara. Sai tarkacen da ke cikin wayoyinmu. Ta ina zan fara?

Ɗan Kawo: Wa alaikumus salam Anti. Ai ba wani aiki ba ne, ki tura mata duka ta WhatsApp, shi ke nan.

Gwaggo ta Barnawa: Kai yaro, kaset ɗin za ta cusa a cikin WhatsApp ɗin? Ka ma taɓa ganin kaset ɗin bidiyo da idonka?

Ɗan Kawo: Na gani mana Gwaggo, da shi muke tokare ƙofar kicin. Tuba nake.

Injiniya, Unguwar Rimi: Wa alaikumus salam. Maman Ilham, aiki uku ne wannan, kuma wahalarsu ba ɗaya ba ce. Na waya yau ɗin nan za ki gama. Na faifai sai da kwamfuta. Na kaset shi ne mai cin rai, kuma shi ya fi gaggawa, don yana lalacewa muna zaune.

Na waya tukuna. Kar ki bi hanyar Ɗan Kawo. In kika tura bidiyo ta WhatsApp yadda aka saba, matse shi yake yi don ya rage nauyi, ya isa can dishi-dishi. A ƙaramar waya ba a cika lura ba, amma a fuskar tabilet mai inci 10 nan take za a gani, fuskokin mutane duk sun dagule. In wanda yake da bidiyon yana nesa, Legas ko Abuja, ki ce ya turo ta wurin da aka rubuta Document. Ta nan ba a taɓa shi, kuma tun 2022 yana ɗaukar har 2GB. Amma in wayar da tabilet ɗin suna ɗaki ɗaya, me zai sa ki ƙona data? Ga Quick Share a kusan kowace wayar Android, shi ne da ake kira Nearby Share kafin 2024. Ga kuma Xender da kowa ya sani. Duk biyun ba sa cin data, na'urorin ne ke haɗuwa da juna kai tsaye. Bluetooth kam ki bar shi, bidiyon awa guda sai ki yi Magariba da Isha'i bai gama ba.

Maman Ilham, Malali: Na gode Injiniya. Ni da na haɗa tabilet ɗin da laftof ɗin Baban Ilham da igiyar caji, caji kawai ya kama yi, kwamfutar ko nuna ta san da shi ba ta yi ba.

Injiniya, Unguwar Rimi: Ɗayan biyu ne. Ko igiyar ta caji ce zalla, irin waɗanda babu wayoyin data a cikinsu, kuma sun cika gari. Ko kuma ba ki ba shi izini ba. Da kin soka, ki buɗe makullin tabilet ɗin, ki jawo saman fuskar ƙasa, za ki ga saƙon USB. Ki taɓa shi ki zaɓi File transfer. Sai ya fito a kwamfuta, ki shiga foldar Movies ki zuba. In bai fito ba, ki nemo igiyar da ta zo da shi a kwali.

Baban Sadik, mai shago: Ina ƙara wani abu a kan na Injiniya, ni da nake wannan sana'ar. Kafin ki zuba komai ki duba girman tabilet ɗin. In 32GB ne, ki sani shi kansa ya riga ya cinye wani kaso da manhajojinsa. Bidiyon wayoyin yanzu kuwa nauyi gare su. A iPhone, minti ɗaya na 4K yana kai 170MB ko ma 350MB, ya danganta da yadda aka saita. Yinin biki ɗaya ya isa ya cika mata wurin. Ki saya mata memori, 64GB ko 128GB, tunda yawancin tabilet ɗin Samsung suna da wurin sakawa.

Ɗan Kawo: Akwai mai tura baro a wajenmu yana sayar da 512GB kuɗin katin waya. In karɓo mata?

Baban Sadik, mai shago: Ka karɓo wa kanka. Irin waɗannan a jiki an rubuta 512, a waya ma 512 zai nuna, amma ainihin cikinsa bai wuce 8 ko 16 ba. An yi masa dabara ne ya riƙa ƙarya. Za ka yi ta zubawa yana karɓa, sunayen duk suna nan reras, ranar da ka zo buɗewa sai ka tarar na baya sun hau kan na farko, babu wanda ke buɗuwa. Wata baiwar Allah ta zo mini da irinsa tana kuka, saukar ɗanta ce a ciki, kuma ta riga ta goge na wayar. Ban iya yi mata komai ba.

Gwajin ba wuya. Akwai ƙaramar manhajar kwamfuta, H2testw, kyauta ce, tana cika memorin taf sannan ta karanta ta gani ko abin da ta zuba yana nan. In babu, ki cika shi da finafinai da kanki, ki buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe. Kuma kar ki ga 64GB ya nuna wajen 59 ki ce an cuce ki, wannan bambancin lissafi ne tsakanin kamfani da kwamfuta.

Injiniya, Unguwar Rimi: Gaskiya ne. Sai batun fomat. Memori ko filashin da ke kan FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya wuce 4GB, ko da wuri fam a ciki. Zai ce miki ya yi girma. Wanda ya haura 32GB yawanci da exFAT yake zuwa, shi ba shi da wannan matsalar. In za ki canza, ki canza tun yana fanko, don fomat share komai yake yi.

To faifai. Laftof ɗin yanzu ba su da wurin faifai, sai ki nemi na'urar da ake sokawa ta USB, ko tsohuwar kwamfutar tebur. In kin saka sidi, ki shiga foldar MPEGAV, za ki ga fayil mai suna AVSEQ01.DAT. Shi ne bidiyon, ki kwafe shi. In dibidi ne, foldar VIDEO_TS za ki gani, cikinta fayiloli masu VOB a ƙarshe, an yanka su kusan 1GB kowanne. Kar ki tsaya zaɓe, ki kwashe foldar gaba ɗaya zuwa kwamfuta. Daga nan ki buɗe ta da manhajar sauya bidiyo mai suna HandBrake, shi ma kyauta ne, ya haɗa miki su ya fitar da MP4 guda. A tsarin matse bidiyo ki zaɓi H.264, shi ne kowace na'ura take ci ba gardama. H.265 ya fi rage nauyi, amma wasu tsofaffin tabilet da masu araha sai ki ga hoto yana tsalle, ko murya ta fito babu hoto. A tabilet ɗin kuma ki saka VLC, manhajar kallon bidiyo, kusan babu abin da ba ya buɗewa, har 3GP ɗin da muka ɗauka da Nokia.

Malama Maman Biyu, Kabala: Injiniya ka yi mana a hankali, ba duka muka yi Poli ba. Ni tambayata, sidin bikina da na sa aka tura mini a waya, ya fito kamar an shafa masa man shanu. Mai shagon ne bai iya ba?

Injiniya, Unguwar Rimi: Ba laifinsa ba ne Malama, haka sidi yake tun asali. Girman hotonsa 352 sau 288 ne kawai. Dibidi 720 sau 576. Tabilet ɗin yanzu kuwa mafi ƙanƙanta sai ki ga 1280 sau 800. A tsohuwar talabijin mai ƙeya ba ma ganin aibin. Duk wanda ya ce zai mayar miki da sidi HD, kumbura fayil ɗin kawai zai yi, abin da kyamara ba ta ɗauka ba ba zai dawo ba. Kuma in kun ga baƙi a hagu da dama ku bar shi haka, tsarin hoton da ne. In aka ja shi ya cika fuska, amarya siririya sai ta koma gajeriya mai faɗi.

Gwaggo ta Barnawa: Wasu amaren ai sun koma hakan ba tare da an ja ba.

Alhaji Mai Kyamara, Tudun Wada: Assalamu alaikum. Yarana ne suka ce ana zancen sana'ata in zo in saka baki. Ni na yi ɗaukar biki tun ana saɓa Panasonic M3500 a kafaɗa, yaro na biye da kai da fitila da doguwar waya, in aka ɗauke wuta a tsakiyar kamu sai a jira a ta da inji. To 'yata Maman Ilham, ki saurare ni a kan kaset, don a nan ake yin asara.

Kar ki saka shi a inji tukuna. Ɗauko shi ki kai bakin taga, ki leƙa ta gilashin nan biyu. Zaren baƙi ne mai sheƙi. In kin ga fari-fari kamar an barbaɗa gari a gefen naɗin, fumfuna ce. Daminar Kaduna ba ta raga wa kaset, balle wanda aka cusa a ƙarƙashin gado cikin leda, ko a ɗakin ajiya mai yoyo. In kika saka mai fumfuna a inji, zai toshe kan da ke karanta hoto, hoton ya koma yayyafi, kuma duk kaset ɗin da ya biyo baya ya kwasa. Wani lokaci zaren ya manne da juna, inji na ja ya tsinke. Irin wannan sai an kwance shi an goge a hankali, kuma ba aikin gaggawa ba ne. Ki ware su gefe.

Na biyu, a bayan kaset ta gefen hagu akwai ɗan harshe na roba. In yana nan, ki ɓalle shi. Muddin babu shi inji ba zai yi ɗauka a kai ba ko an danna. Bikin mutane da yawa ya tafi a haka, yara sun ɗauki wasan ƙwallo a kai.

Na uku, kafin ki saka kaset ɗin Alhaji mahaifinku, Allah ya jiƙansa, ki fara gwada injin da wani tsohon fim da ba ki damu da shi ba. Injin da ya shekara goma a ajiye, bel ɗinsa ya saki, taunar zare yake yi.

Maman Ilham, Malali: Amin Baba, na gode ƙwarai. Na duba yanzu, biyu suna da farin nan, sauran lafiya. Na Mando yana cikin masu lafiya, alhamdulillahi. Amma injin namu tuni aka ba 'yan gwangwan. Ana samun sabo?

Injiniya, Unguwar Rimi: Sabo ya ƙare. JVC ne ya fito da VHS a 1976, kuma kamfani na ƙarshe da ke ƙera injin, Funai na Japan, ya daina a 2016. Sai dai na hannu, wurin masu gyaran talabijin ko masu kayan gwanjo, ki leƙa wajen Kasuwar Barci. Kuma a gwada a gabanki.

In an samu injin, sauran abu ɗaya ne: wata 'yar na'ura kamar filashi, ana ce mata EasyCap, jelolinta uku za ki yi amfani da su. Rawaya ta hoto, fara da ja na murya. Jelar a bayan injin, ɗaya kan a kwamfuta. Sai manhajar ɗauka, OBS ta isa. A saita a kan PAL, tsarin da muke amfani da shi a Najeriya ke nan. In kaset ɗin daga Amurka aka aiko shi, NTSC ne, sai inji mai cin kowane tsari. Abin da ya kamata ki sani shi ne ba a yi masa sauri. Kaset ɗin da aka rubuta E-180 awa uku ne, to awa uku za a zauna yana tafiya kwamfuta tana ɗauka.

Alhaji Mai Kyamara, Tudun Wada: In mun ɗauka a LP kuma, wato zaren na tafiya a hankali don ya daɗe, awa shida. Muna yin haka in mai biki ya ce kaset ɗaya zai iya saya. Hoton ya fi rauni, kuma ba kowane inji ke karanta shi da kyau ba. In kun ga layi na yawo a ƙasan hoto, akwai maɓallin tracking, a murɗa a hankali har ya kwanta.

Injiniya, Unguwar Rimi: Saboda haka kar a fara sai a gidan da ke da sola ko inbata. Laftof yana da batir, injin ba shi da shi. In wuta ta tafi yana tsaka da ja, zaren na naɗe a cikinsa.

Baban Sadik, mai shago: Duk wannan wahalar ta mece ce? Mace da yara da girki, ina ta ga awa shida na zaman gadin kaset? Ta kawo shago a yi mata, ta zo da memorinta ta karɓa. Sayen inji da na'ura saboda kaset biyar ko shida asarar kuɗi ce.

Malam na Rigasa: Assalamu alaikum. Tun ɗazu nake karantawa ban ce komai ba, amma a nan dole in yi magana. Baban Sadik, ba kai nake nufi ba, Allah ya sani. Amma mu tuna mene ne a cikin kaset ɗin nan. Kamu ne, da sa lalle, da yinin biki a tsakar gida. Mata ne a tsakaninsu, ba mayafi, suna rawa, don sun san ba namiji sai mai ɗauka. Yau a kai shago, samari huɗu na zaune a benci, hoton na tafiya a kwamfuta awa uku kowa na kallo. Aya ta 31 a Suratun Nur ta lissafa waɗanda mace za ta bayyana adonta a gabansu, kuma yaron shago ba ya ciki. Sannan bayan ta karɓi memorinta ta tafi, kwafin da ke kwamfutarsa fa?

Baban Sadik, mai shago: Allah ya gafarta Malam, ni a gaban mai kaya nake gogewa. Kuma kar a yi mana kuɗin goro. Shekara nawa ina wannan aikin ba a taɓa jin kaina da kowa ba.

Gwaggo ta Barnawa: Kai ɗaya ne ɗana, su kuma masu turi sun fi a ƙirga. Na yarda da Malam a nan, kuma ba kullum nake yarda da shi ba. Akwai wadda na sani, bikinta na fari aka yi tun tana 'yar shekara goma sha wani abu, auren ya mutu, ta yi wani, har ta aurar da 'ya. Kwatsam sai ga guntun rawarta da tsohon mijin yana yawo a wayoyin dangin mijin yanzu, an ɗora masa kiɗa. Kishiyar ce ta fara nuna mata. Ba a san ta inda ya fita ba har yau. Lokacin da yana kaset, sai an zo gidan, an zauna, an kunna. Yanzu danna ɗaya ne.

Ɗan Kawo: To Gwaggo ai ba sai shago ba. Ko a gida aka yi, jikokin Hajiya za su ɗauki tabilet ɗin su yi wasa, wata ta ga gwaggonta da ɗaurin ture-ka-ga-tsiya ta saka a TikTok don dariya. Mu ne fa, na san halinmu.

Gwaggo ta Barnawa: Yau ka faɗi gaskiya.

Malam na Rigasa: Shi ya sa ni a ganina a ɗauko na rakiyar Alhaji da na ɗaurin aure da na sauka, na cikin gida kuma a bar shi a kaset ɗinsa. In ya lalace ya lalace. Da yawa daga cikin matan nan sun rasu, ba za mu iya neman izininsu ba.

Gwaggo ta Barnawa: A'a Malam, a nan muka rabu. Su waye a tsakar gidan? Iyayenmu ne da kakanninmu. Maza suna da hotuna a wurin aiki, a masallaci, a taro. Tsohuwar da ba ta fita, in ba a yinin bikin nan ba, a ina jikanta zai ji muryarta? Ni mahaifiyata wuri ɗaya tak muryarta ta rage, tana yi wa amarya faɗa ranar kai ta, tana cewa ta riƙe sirrin mijinta, ana ta guɗa a bayanta. Ka ce in bar wa fumfuna? Jikokinta muharramanta ne. Matsalar ba adanawa ba ce, wa zai riƙe shi ne.

Malam na Rigasa: Gwaggo, ai ba mahaifiyarki kaɗai ce a ciki ba. Akwai maƙwabta da ƙawayen amarya, su ba muharraman jikokinki ba ne.

Gwaggo ta Barnawa: To a yanka. Injiniya, ba a yankawa?

Injiniya, Unguwar Rimi: Ana yankawa, kuma ba wuya. Shawarata a yi kwafi iri biyu. Cikakke, ba a taɓa komai ba, yana hannun mutum ɗaya babba a gidan, kuma mace in so samu ne. Sai gajeru da aka tsamo, minti biyar, minti goma: ga Baba yana hawa mota a Mando, ga Inna tana nasiha, ga addu'ar suna. Su za a saka a tabilet. Hajiya ma za ta fi jin daɗinsu, don babu tsohuwar da za ta riƙa jan awa uku da yatsa tana neman inda mijinta ya fito. A sa musu suna da Hausa, da shekara a gaba, misali 1998 Rakiyar Baba Mando, sai su jeru da kansu.

Malam na Rigasa: In haka ne da sauƙi. Amma ina nan a kan bakana game da kaiwa shago.

Baban Sadik, mai shago: To ga tsaka-tsaki Malam. Ni ina da inji da na'urar. A ba da haya, 'yar gidan ta yi da hannunta, in koya mata a kan tsohon fim. Ko ƙanwata ta je gidan ta yi, ita ma ta iya.

Malama Maman Biyu, Kabala: Wannan ita ce magana. Wallahi da 'yan matanmu da suka gama karatun kwamfuta suke zaune za su riƙe wannan, da sun samu sana'a. Gida-gida, mace ta yi wa mata.

Abban Nana, Unguwar Dosa: Ku yi haƙuri in katse ku. Namu iPad ne, ba wurin memori. Yaya ke nan?

Injiniya, Unguwar Rimi: iPad bai taɓa zuwa da wurin memori ba. Amma tun iPadOS 13, a 2019, yana karanta filashi ta manhajar Files. In naka mai USB-C ne ka soka kai tsaye, in mai Lightning ne sai da 'yar mahaɗa. Daga iPhone kuwa AirDrop. Daga kwamfuta, VLC ɗin iPad yana da wurin turawa ta Wi-Fi: ka kunna, ya ba ka adireshi, ka rubuta shi a burauzar kwamfutar, ka ja fayil ka saki. Sharaɗi su biyun suna kan Wi-Fi ɗaya, ko hotspot ɗin waya ya isa.

Ɗan Kawo: Ni fa ban ga abin da ya fi Google Drive ba. A ɗora sau ɗaya, ko tabilet ya faɗa rijiya suna nan.

Injiniya, Unguwar Rimi: Yana da amfani, amma ka san iyakarsa. Kyautar Google 15GB ce, kuma Gmail da Photos da Drive duk a ciki suke ci. Ajiyar hoto mara iyaka ta ƙare tun 1 ga Yunin 2021. Na Apple 5GB ne. Ga datar ɗorawa. Sannan tun Disambar 2023 Google na iya goge asusun da ya shekara biyu ba a shiga ba. Ka tuna yadda ake buɗe wa tsofaffi asusu: yaron da ya saita wayar ne ya ƙirƙiri lambar sirri a tsaye, shi ma ya manta.

Abin da nake so Maman Ilham ta riƙe, ko ta manta sauran, shi ne tabilet faranti ne, ba rumbu ba. A ciki ake zuba wa Hajiya ta kalla, ba a ciki ake ajiya ba. Yana faɗuwa, ana sacewa, jika na iya gogewa, mai gyara na iya yi masa fomat. Cikakken kwafin ya zauna a hard disk na waje, wato babbar ma'ajiyar da ake sokawa a kwamfuta, wani kuma a wani gidan daban, wurin yayarku misali. Filashi da memori ba a jefa su a durowa a manta, in sun daɗe ba a soka su ba suna iya zubar da abin da ke ciki. Duk shekara a fito da su a buɗe a gani. Kuma kar a zubar da kaset da faifan bayan an kwafa.

Alhaji Mai Kyamara, Tudun Wada: A jera su a tsaye kamar littattafai, cikin kwalinsu, nesa da lasifika da zafin kwano. Faifan ma kar ku yarda da shi. Waɗanda muka riƙa buga wa mutane a kwamfuta ba irin na kamfani ba ne, wani sinadari ne a ciki da zafi da rana ke cinyewa. Ka ɗaga shi sama, in ka ga haske na ratsowa ta ƙananan huji ko gefensa ya fara ɓarewa, yau za ka kwafe shi ba gobe ba. In za a goge, da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba. Akwai kuma dibidin da aka ɗauka da rikoda ba a rufe shi ba, shi kwamfuta za ta nuna kamar babu komai. Kar a yar, a kawo mini in gani.

Baban Sadik, mai shago: Kuma in tabilet ɗin ya samu matsala, a zare memorin kafin a kai gyara. Ni mai shago ne nake gaya muku.

Kawu na Kakuri: Ni ma ina da tambaya. Ina da kaset na walimar da muka yi wa wani shugabanmu a masaƙa lokacin da zai yi ritaya, an zagaya da kyamara har cikin ɗakin saƙa, injuna na aiki, ga layin kekuna a bakin ƙofa. Masaƙar KTL ta rufe a 2002, ta UNTL a 2007. Jikokina in na ce musu Kakuri ba ta barci saboda canjin aiki, gani suke tatsuniya ce. Shi ma a ɓoye shi?

Malam na Rigasa: A'a Kawu, wannan ai na jama'a ne. Shi kam a yaɗa.

Malama Maman Biyu, Kabala: Kawu in an kwafa ka taimaka mini da shi in nuna wa ɗalibaina. Kuma da za ka leƙa Gidan Arewa da ke titin Rabah ka yi musu maganarsa, tunda tarihin Arewa suke adanawa.

Kawu na Kakuri: Sai an fara ganin ko yana da rai. Na leƙa ta gilashin yadda Alhaji ya ce, ban ga fari ba, amma murfin gaban ya karye.

Alhaji Mai Kyamara, Tudun Wada: Murfi ba komai ba ne. Kusoshi biyar ne a ƙasa, a kwance a ɗauke naɗin biyu a mayar cikin wani gidan kaset mai lafiya. Kar dai ka taɓa zaren da hannu. Ka zo da shi da wani tsohon kaset da ba ka so, bayan La'asar ina gida.

Maman Ilham, Malali: Baban Sadik, na bi ka ta akwatin sirri kan maganar ƙanwar taka. Gidan yayata ke da sola, a can za a yi. Baba Alhaji, biyun nan masu fumfuna in haɗo su da na Kawu?

Alhaji Mai Kyamara, Tudun Wada: Ki aiko, amma a leda daban, kar su haɗu da nasa. Kuma ki rubuta mini a takarda ko akwai na cikin gida a ciki, in akwai 'yata ce za ta duba hoton, ni gogewa kawai zan yi.